Motar Yaya Mumuni Ta Wuce Yendi

Ku mutanen Salaga da kuka san yayana Mumuni, kun san Juma'arsa. Da an sauko daga masallaci sai ya ɗauki bokiti ya wanke baƙar motar nan tasa, wadda rabonta da motsi tun shekarar yunwa. Tayoyi sun kwanta, kaza na ƙwai a but, amma gilashi sai ka ga haƙoranka a ciki. Ni da huɗu suka rage mini, na sha gaisawa da su.

In ya gama sai ya ce, "Shiga, Sule, Bawku za mu." Ya kama sitiyari, ya tayar da inji da bakinsa. Ni kuwa da furfurata ina riƙe da ƙofa, wai kar gargada ta yar da ni.

Ran nan fitsari ya matsa mini, na buɗe zan sauka. Ya damƙe rigata.

"Kana hauka ne? Mota na gudu!"

"Yaya, akuya ce fa kwance a gabanmu."

"Ta san hon ɗina. Za ta kauce."

Wani makanike ya taɓa zuwa daga Tamale yana so ya saya. Kafin sati Yaya ya kira magini ya tsuke ƙofar gida, ta koma sai mutum ɗaya. Na ce, "To in an gyara ta, ta ina za ta fita?" Ya ce, "Kai da ka gudu daga aji biyu, yau kai ne injiniya?"

Amma tafiyarmu ba ta taɓa wuce Yendi ba. Da ya ce "Ga Yendi," sai injin ya mutu a bakinsa, ya ce, "Sauka." A nan kaɗai ba na tsokanarsa. A Yendi ta tsaya mana da gaske, ranar da aka aiko Inna tana kwance a Bawku. Kwana biyu muna neman ƙarfe ɗaya na gyaranta. Da muka haƙura muka hau motar doya muka isa, an riga an rufe ta.

Da ya rasu bara, motar ta faɗo kaina, ni da ko keke sai an riƙe mini. Wata takwas ina wanke ta, ina korar masu saye. Sau ɗaya na gwada ƙarar injin, matata ta leƙo da kofin ruwa, wai ko ƙashi ne ya maƙale mini.

Sai ga wani Alhaji mai son tsoffin motoci, ya ce zai gyara ta ta koma ras. Na ce, "Alhaji, ina garejin naka yake?"

Ya ce, "Bawku."

Da hannuna na fasa katangar. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: da aka ɗora ta a kan lori, na hau na zauna a kujerata, sitiyari ba kowa. Muna shiga Yendi na riƙe ƙofa. Ba mu tsaya ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Mun isa. Kai ma Allah ya sa ka tarar da Inna tana jiranka.