Hasken Yaya Hamisu

Wannan abu a Safana ya same ni, shekarun baya kaɗan, lokacin da rashin tsaro ya kai mutum ba ya tafiya gonarsa sai ya yi bankwana da iyali kamar mai tafiya Makka. Ni ɗan Batsari ne, kuma sana'ata a lokacin, kada ku yi dariya, ita ce haska fitilu a wajen taro: walimar makaranta, dinar biki, wasan kwaikwayo na wayar da kai, duk inda aka kafa ɗan dandamali ana so ya yi kyau a hoto, to ni ake nema. Na san akwai masu cewa irin waɗannan labarai ƙirƙira ce. Ni dai wallahi tallahi abin da idona ya gani zan faɗa muku, wanda ya so ya yarda, wanda bai so ba shi ya jiyo.

Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba. 'Yan fitilun launi ne da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, sai wata babba ta hannu da na sayo a Kano, irin mai juya kan nan hagu da dama, sama da ƙasa, wadda 'yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo suka raɗa wa suna Mujiya. Waya guda ce ke bi ta cikinsu duka, daga wannan zuwa waccan, ta ƙare a wani ɗan akwati da nake soka wa tsohuwar laftof ɗina. Manhajar da ke juya su kuwa ni na rubuta abata da hannuna, don waɗanda ake saukewa daga intanet sun fi ƙarfin kwamfutata, ana tsakiyar taro sai su daskare su bar ni ina zufa. Yadda take aiki shi ne, kowace fitila tana da lambarta kamar lambar gida, kuma ba ta motsi sai da abin da kwamfuta ta aika mata: juya kaza, ɗaga kai kaza, ja kaza, kore kaza. A wajen gwaji sai in tsayar da ɗan wasa inda zai tsaya, in saita Mujiya a kansa, in adana saitin da sunansa, sannan in jera saitukan bi da bi yadda wasan zai tafi. Ranar wasa aikina kawai in danna madanni ɗaya, haske ya wuce mataki na gaba. Ku riƙe wannan da kyau don Allah: fitila ba ta da ido, ba ta san mutum ba, lamba kawai ta sani.

Shugaban ƙungiyarmu yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Hamisu, malamin firamare, mutum mai baki kamar reza amma cikinsa fes. Tun yana yaro ƙaiƙayin gero ya lalata masa idon hagu, saboda haka da farin haske ya buge shi sai idon ya kama zubar da hawaye. Shi ya sa na zauna na haɗa masa launinsa shi kaɗai, wani ruwan zuma mai taushi, na kuma rubuta cewa kada ya faɗo masa gaba ɗaya, ya riƙa tasowa a hankali. Na adana shi da suna “Yaya”. Kullum za a fara sai ya leƙo ya ce, “Injiniya, ka sa mani hasken nan nawa fa, kada ka tona ni kamar ɓarawon akuya.”

Wasan ƙarshe da ya rubuta a kan infoma ne, wato mutanen da ke zaune cikinmu suna cin tuwo da mu suna kuma buga wa 'yan bindiga waya. Tun muna gwaji aka fara aiko masa da saƙo cewa ya bar wasan nan, shi kuma taurin kai, ya ce sai dai a yi wadda za a yi. Yana da gona wajen Runka, kuma da yake ya san ana nemansa, sai ya sauya ranar da ya saba zuwa, ya sauya hanya, ya bi wani ɗan burtali da ko makiyaya sun daina bi. Ba wanda ya gaya wa sai mu da ke wajen gwaji a ranar. A kan wannan burtalin 'yan bindigar suka tare shi suka kashe shi. Ko babur ɗinsa ba su ɗauka ba, ko wayarsa, shi suka zo nema.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da ke cikin zuciyata a kwanakin nan ba. Ana zaman makoki ana ce mini haƙuri, ni kuwa fuskokin 'yan ƙungiyarmu nake bi ɗaya bayan ɗaya, don na san a cikinsu ne. Innarmu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma duk sallar da ta idar sai ka ji ta a kan dardumarta, “Allah shi isa tsakanina da wanda ya nuna masu hanya, Allah shi haska shi duniya ta gan shi.” Ni ma ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na yafe ba. Mutum ɗaya ne ban taɓa saka wa ido ba, Tanimu, aminin Yaya tun suna makarantar allo, wanda ke kula mana da kayan wasa da shirya kujeru. Shi ya kama gaban makara, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, har gida yake zuwa ya durƙusa ya ce, “Inna, ni ne Hamisunki yanzu.”

Bayan sadakar arba'in ƙungiya ta ce wasan nan sai an yi shi, ko don kada a ce an kashe mutum an kuma rufe bakin masu gani. Aka samu zauren wata makaranta a Safana, a wani taron zaman lafiya na matasa. Da yake an daina taron dare a yankinmu, da la'asar za a yi, sai muka toshe tagogi da baƙar leda da barguna har zauren ya yi duhu. Wani ɗan wasa ya karɓi matsayin Yaya, na mai unguwa. Ni kuma na buɗe manhajata na goge saitin “Yaya” gaba ɗaya, don ba zan iya ganin wannan launin a fuskar wani ba. Na sa wa sabon mai unguwa farin haske irin na kowa.

Ana gobe taro muna gwajin ƙarshe, na danna madanni don haske ya koma kan mai unguwa, sai Mujiya ta juya kanta ta bar dandamali, ta leƙa can gefen bango inda Tanimu ke zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa, ta tsaya a kansa cak. Kuma ba fari ta kawo ba, ruwan zuma ne, yana tasowa a hankali. Mutane suka kwashe da dariya, wani ya ce Mujiya na son gyaɗa. Tanimu ya kare fuska da hannu ya ce, “Injiniya, mi na yi maka? Kauda wannan abu dan Allah.” Na kashe na sake kunnawa, ta dawo daidai. Ni dai na ce wa kaina kuskuren rubutu ne, ai ni na rubuta manhajar, ba abin mamaki ba ne wani layi ya kuɓuce mini.

Ranar ban ci abincin kirki ba. Na bi rubutun layi-layi, babu inda saitin Yaya ya rage, ko sunansa babu. Na sauya wa Mujiya lamba, na sauya wayar da ke kai mata saƙo, na tafiyar da wasan daga farko zuwa ƙarshe ni kaɗai a cikin zauren, komai ya tafi sumul. Sai na ce to madalla, shaiɗan ne.

Ranar taro zaure ya cika maƙil, dattawa a gaba, mata a gefe guda, 'yan sa-kai da bindigoginsu na gida a bakin ƙofa, janareta na ta ruri a waje. Wasa ya yi nisa har aka zo wajen da mai unguwa zai tara jama'a ya ɗaga murya ya ce, “Wa ke sayar da mu a garin nan?” Yadda na tsara shi ne, da ya faɗi haka fitilu duka su mutu na ɗan numfashi, sannan Mujiya ta faɗo da jan haske kan ɗan wasan da ke fitowa a infoma. Ya yi tambayar, na danna, duhu ya rufe. Na sake dannawa.

Wallahi a cikin duhun nan na ji ƙarar injinta tana juyawa, kuma juyin ya yi tsawo, na san ba dandamali ta nufa ba. Sai ga ruwan zuma yana tasowa a tsakiyar 'yan kallo, a kan Tanimu, wanda ke tsaye yana nuna wa wasu baƙi wurin zama. Na dubi allon kwamfuta, lambobin da take aikawa na jan haske ne, na kan dandamali, babu kuskure ko ɗaya. Tanimu ya matsa gefe, haske ya matsa. Ya ratsa tsakanin kujeru ya nufi baya, Mujiya ta bi shi a natse, ba ta wuce shi ba ba ta bar shi ba, abin da ko ni da hannuna ba zan iya yi da ita ba. Na fizge wayar saƙo daga jikin laftof. A ƙa'ida da an cire wannan waya fitila sandarewa take inda take. La ilaha illallahu, ba ta ko girgiza ba, ta ci gaba da binsa.

Saura abu ɗaya, soket ɗin wuta, kuma yana nan kusa da ƙafata. Na sunkuya na kama filogin, sai na ɗaga kai na ga fuskar Tanimu a cikin hasken, idonsa na hagu kaɗai na zubar da hawaye shar-shar, na dama a bushe. A nan na gane. Na saki filogin, na gyara zama, na naɗe hannuwana a ƙirji, na ce a raina, Yaya, yi aikinka.

Tanimu ya kai bango ya rasa wurin zuwa, sai ya durƙushe yana kare fuska, ya fasa ihu, “Hamisu ka bar ni haka nan! Hanya kawai na faɗa masu, sun ce tsorata ka za su yi, wallahi tsoratarwa suka ce!” Wasu samari a baya har sun fara tafi, sun zaci cikin wasan ne. Amma 'yan ƙungiyarmu da ke kan dandamali sun san babu wannan a rubutu, suka tsaya kamar an dasa su, tafin ya mutu da kansa. Kafin 'yan sa-kai su kutso ta cikin cunkoson kujeru, Tanimu ya yage ledar wata taga ya dira waje ya ranta a na kare. An bi sawunsa har gonakin bayan gari, ya yi yamma, wajen daji, ba a same shi ba.

Daga baya na je wurin wani malami dattijo a unguwarmu na kwashe komai na gaya masa. Ya ce, “Ɗana, wanda ya mutu ba shi dawowa, kada ka bari wannan ya shiga zuciyarka. Amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.” Na ce to Malam, wa ya juya fitilar? Ya ce in je in yi ta yi wa yayana addu'a.

Tun daga ranar ba mai gayyatata taro sai ya ce kada in zo da Mujiya, don haka na ajiye ta a ɗakina. Wata rana da rana tsaka na jona ta da wuta ita kaɗai, ba kwamfuta ba waya. Ta yi ɗan juye-juyen da take yi in an kunna ta, sannan ta kawo ruwan zuma ta ɗora a bangon yamma, tana gusawa kaɗan-kaɗan, irin gusawar mai bin wanda ke tafiya can nesa. Allah ya sani daɗi na ji. Na mayar da shi al'ada, in an kawo wuta sai in kunna in zauna ina kallo, in ce yau ya yi kudu, yau ya kasa zama. Da damina ta yi nisa, wata rana ina kunnawa sai ta sunkuyar da kai ƙasa, hasken ya dusashe a hankali ya mutu. Ba a jima ba wasu da aka sako daga daji suka kawo labarin cewa waɗanda Tanimu ya gudu wurinsu ne suka harbe shi a kan wata 'yar gardama. Na gaya wa Inna, ranar kuwa ta cinye tuwonta tas, abin da rabon da ta yi tun rasuwar.

Na zaci magana ta ƙare. Kwanakin baya wani mai kiɗan biki ya zo zai sayi Mujiya, na ce bari in gwada masa ya ga tana aiki. Ina jonawa ta ɗaga kai, ruwan zuman nan ya taso, ta juya ta tsaya a bangon gabas. Gabas da ɗakina babu daji, babu gona, gidajen mutanen da muke tsayawa sahu ɗaya a masallaci ne kawai. Kuma kanta a sunkuye yake, alamar abin da take kallo ba shi da nisa, tana ta gusawa kaɗan-kaɗan. Nan take na ce wa mutumin na fasa sayarwa.

Ban gaya wa Inna ba, ban kuma bi hasken ba tukuna. Ku dai shawarata gare ku, wanda kuka ci gishiri ɗaya da shi kada ku nuna wa azzalumi hanyarsa, ko an rantse muku cewa tsoratarwa ce kawai. Wanda kuma ya san da hannunsa a jinin Yaya Hamisu, in yana karanta wannan, ya sani ina da ƙaramin janareta, kuma Mujiya ba ta da wani nauyi, a bayan babur ma zama take.