Ranar da Kura Ta Cire Takalmi

Kakata Iya Ladi ba ta fara tatsuniya sai an yi lisha, amma ran nan ana idar da magariba ta tara mu bakin murhu, a gidanmu na zangon Salaga. Mun san dalili. 'Yan sanda na neman yayana Haruna, don ya zaga Yendi da Bawku yana tara ɗaliban ilimi, da mata 'yan kasuwa, da mutanen ɗarika, wai Bature ya tafi mu riƙe ƙasarmu. Yanzun nan aka ce an ga kofur ya nufi masallacin da Yaya ke wazifa. Innarmu ta shige ɗaki tana kuka.

"Ke ƙawata, rufe bakin nan kar ƙuda ya faɗa," Iya ta ce mini. "Ga wata ta taso."

Wai zaki ne ya aiki kura ta kamo masa ɗan rago mai tsaurin ido. Kura ta sa takalmin gwamnati, ƙwas ƙwas, ta tarar da tumaki sun kewaye farin ƙyalle suna zikiri.

"Iya, kura da takalmi?" na ce.

"Kurar gwamnati ce, ja'ira! Ki bar ni in yi maganata."

To a wurinmu, in an shimfiɗa ƙyallen wazifa, ba mai tsallake shi, ba mai katse masu yi. Ashe ita ma kurar ta taɓa karɓar wuridi. Ta tsaya, ta yi tsuru, ta cire takalmi ta zauna. Kafin a shafa fatiha rago ya sulale.

Wallahi Iya ba ta rufe baki ba muka ji sallamar Yaya. Ya ce kofur, wani mutumin Bawku, ya shiga sahu ya runtse ido, bai buɗe ba sai da aka watse. Inna ta fito ta rungume shi, ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini.

Na daɗe ina ɗauka Iya waliyyiya ce. Bayan an sami mulkin kai, har na yi aure, na tambaye ta yadda ta sani.

"Na sani? Ina! Uwar kofur ɗin dai, da ke nan zango, na je na gaisar da hantsi, na tuna mata malaminmu ɗaya. Sauran kuwa, ina ba ku labari ne ina roƙon Allah a zuci."

Tun daga nan na daina cewa maza ne kaɗai suka kori Bature.