Takin Baba Haladu da Murjanin Dakta

Har na bar wannan aiki ba na jin zan manta da wata Alhamis da na yi a Zakirai. Lokacin ina shekara ta uku a wani ƙaramin kamfani a Kano mai kula da tankunan kifin ado, kuma ni ake turawa gidan wani Dakta da ya ajiye koyarwa ya koma garinsu.

Abin da ke tankin Dakta ya fi kifi wuyar sha'ani, murjani ne mai rassa. In ka gan shi sai ka rantse busasshen itace ne aka shafa wa launi, alhali dabba ce mai rai. Ruwan gishiri yake so, da fitila mai ƙarfi, da famfon da ke kaɗa ruwan ba tsayawa. Ruwan rijiya ba ya yi, sai tatacce, a auna gishirin teku a dama. Da ruwa ya ɗan gurɓace sai rassan su yi fari fat, shi ke nan sun mutu. Dokar aikinmu ita ce duk zuwa a fara gwada ruwa: a ɗiba a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a duba launi.

Da Dakta zai tafi Umara sai ya bar makullin ɗakin a hannun yayansa, Baba Haladu, manomi mai son zolaya. Zuwana na farko bayan tafiyar Dakta, ya tsaya a bayana yana leƙe.

"Malam Sabo, yau wata nawa da dasa wannan abin?"

"Takwas, Baba."

"Wata takwas bai kai ɗan yatsa ba? Gerona da na shuka bayansa har ya fi ni tsawo."

Ni kuma bakina bai iya shiru ba. Na gyara fuska na ce, "Ai taki ne babu, Baba. Da zai sami kofi ɗaya na takin zamani, da tuni ya fasa gilashin." Ya gyaɗa kai a hankali, ni kuwa na hau babur ina dariya har Gezawa.

Ranar Alhamis da hantsi na dawo, na tarar da shi a ƙofar ɗakin da kofin silba a hannu, da ɓurɓushin taki a gindinsa.

"Na bi shawararka," in ji shi. "Biyu ma na zuba, don ya yi sauri."

Taki a wannan ruwa guba ne, ga shi da bakina na faɗa. Ban tsaya komai ba na ruga wajen injin tace ruwa. Jarka takwas na cika, ina dama gishiri ina salati, ina kinkimowa daga bayan gida zuwa falo, rigata sharkaf. Baba Haladu ya jawo kujera ya zauna yana ɓare gyaɗa, jifa-jifa ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Ko in ƙaro rabin kofi?"

Sai da na zura tiyo zan fara zuƙe ruwan tankin ya yi gyaran murya.

"Wai ina 'yan kwalaben nan da kake ɗigawa kullum? Yau ba za a ɗiga ba?"

Na tsaya da tiyo a hannu. Na ɗauko kwalba, na ɗebi ruwa, na ɗiga. Launi bai motsa ba. Na sake, haka. Sannan ne na ɗaga ido na dubi murjanin da kyau: rassa garau, kifaye na yawonsu.

Dattijon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Masarata na ba takin," ya ce. "Ni da na tsufa a gona, ka taɓa jin na zuba wa shuka abu ban san cinta ba? Kai dai ka ga ƙauye a fuskata."

Da a ce na zuƙe rabin tankin na maye da sabon ruwan da ko zafinsa ban daidaita ba, ni da hannuna zan kashe abin da Dakta ya yi wata takwas yana reno. Na roƙe shi kada maganar ta kai ofis. Ya ce ba komai, Allah ya rufa asiri. Kafin in isa Kano ya buga wa ogana waya, ya ba shi labari tsaf har da adadin jarkoki.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan bayana: kome aka ce ya faru da tanki, ko wa ya faɗa, ku gwada ruwa kafin ku taɓa tiyo. Sannan in kun je gidan mutane, ku auna wanda za ku zolaya. Waɗansu sun riga ku fara sana'ar.