Malam Riskuwa Tamba, Mai Rumfar Gyaran Taru ta Argungu

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Riskuwa a garin Argungu cikin shekarar 1926, a wata unguwar masunta da ke kusa da gulbi. Mahaifinsa shi ne Tamba, masunci wanda aka fi saninsa da saƙar homa da taru, mahaifiyarsa kuwa Hure, 'yar manoman shinkafa ce daga Gulma. Shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu bakwai, kuma tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa ƙullin zare da ɗinke ragar da kifi ya yaga.

Karatu, aiki da aure

Bayan ya sauke Alƙur'ani, an sa shi makarantar elementare ta Argungu a 1936, daga nan ya wuce makarantar Midil ta Sakkwato, inda ya kammala a 1945. A shekarar da ta biyo baya aka ɗauke shi aikin malamin gona, aka tura shi Birnin Kebbi domin kula da gonakin shinkafa na fadamar Ambursa. A can ya auri Hajaratu, ɗiyar wani maƙeri, cikin 1948, kuma Allah ya azurta su da 'ya'ya biyu kafin jarrabawar da ta sauya rayuwarsa ta same shi.

Shekarun lalura

Da daminar 1952 aka fara lura da canji a ɗabi'unsa. Ya daina barci, ya riƙa amsa maganar da ba wanda ya ji, sannan wata rana ya bar manoma a fadama ya kama hanya a ƙasa, sai bayan kwana uku aka same shi kusa da Gulma ƙafafunsa sun kumbura. An sallame shi daga aiki a ƙarshen shekarar, danginsa suka mayar da shi Argungu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin masu magani har uku, ciwon bai lafa ba, don haka aka sa masa mari a ƙafa aka ajiye shi a wani ɗaki na bayan gida. Shekara biyar ya yi a wannan hali. Iyayen Hajaratu sun aiko sau biyu a ɗauke ta, ta ƙi komawa, ta ci gaba da ɗawainiyarsa da abin da take samu daga kaɗi da surfe.

Samun sauƙi da komawa sana'a

A 1957 aka kawo wani malamin asibiti, Malam Sama'ila Dikko, ɗakin shan magani na Argungu. Shi ne ya fara ba Riskuwa wasu ƙwayoyi da suka shigo ƙasar a wannan zamani, kuma cikin wata huɗu aka kwance marin. Sai dai sauƙin bai kawo aiki ba. Ya nemi komawa aikin gona, aka ce an daɗe da cike gurbinsa, ya nemi ko da jiran shago, ba wanda ya yarda ya bar masa kayansa. Ya koma zama a zaure tun safe har magariba. Hajaratu ta ruwaito cewa Malam Sama'ila ya same shi a haka wata rana ya ce masa, "Malam, magani na kwantar da ciwo, zaman banza na tada shi. Mi hannunka yas sani?" Riskuwa ya amsa, "Ɗinkin homa, shi Baba yak koya min."

Malam Sama'ila ya roƙi wani babban masunci mai suna Hodi ya kawo tsohon tarunsa da ya riga ya fid da rai da shi. Riskuwa ya kwashe kwana goma sha ɗaya yana ɗinkinsa, Hodi ya jefa shi ruwa, bai saki ko'ina ba. Daga wannan ne aka kafa masa rumfa ta zana a bakin gulbi cikin 1959.

Rumfar gyaran taru

A watan Nuwamba na 1960, wata guda bayan samun mulkin kai, wasu mutanen Gulma suka kawo wani ɗan'uwansu mai suna Ɗanmusa, mutum mai kimanin shekara arba'in, da mari a ƙafarsa, domin karɓar magani. Riskuwa ya nemi a bar masa shi ya koya masa sana'a, bisa sharaɗin a cire marin kafin ya shiga rumfa. Suka cire, suka tafi, ba su sake waiwayarsa ba. Ɗanmusa ya yi wata biyu yana naɗe zare kawai, daga baya ya zama wanda ya fi kowa iya ƙullin bakin taru.

Labari ya bazu zuwa Augie da Ambursa da Birnin Kebbi. Kafin 1963 mutum tara ke aiki a rumfar, dukansu masu fama da taɓin hankali na tsawon shekaru, ban da mata uku da ke murza zare tare da Hajaratu a cikin gida. Ƙa'idar Riskuwa ita ce kowa ya sha maganinsa a gabansa da safe, wanda ciwonsa ya motsa ya je ya huta, wurin zamansa na nan yana jiransa, kuma ladan aiki a hannun mai aikin ake sa shi, ba a hannun danginsa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya sa wasu iyalai biyu suka janye mutanensu.

Koma baya na 1964

Ana saura mako uku a buɗe su, wato bikin kamun kifi na shekara, maganin ya yanke na ɗan lokaci, ciwon Riskuwa ya dawo da ƙarfi, har ya sa wuƙa ya yayyanke tarun da ke hannunsa. Masunta suka taru da hantsi domin kwashe kayansu, wasu na cewa a rushe rumfar. Hajaratu ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Hodi, "Baba, tarun da Malam yal lalata mu ka saƙa shi. Sauran ku duba ɗinkin. In kunka ga ƙulli guda ya kwance, ku ɗauke kayanku." Hodi ya duba ya bar nasa, wasu shida suka bi shi, saura suka tafi da nasu. Ɗanmusa ne ya riƙe rumfar wata uku, aka kammala dukan aikin kafin ranar su. Riskuwa ya dawo da bazara, kuma ciwon ya sake taɓa shi sau biyu a 1967 da 1970, ba tare da an rufe rumfar ko da yini ɗaya ba.

Ƙarshen rayuwa

Farin 1973 ya janye ruwan gulbi, aikin taru ya ragu ƙwarai, don haka Riskuwa ya bi manoman albasa gida gida har ya sama wa mutum biyar aikin ban ruwa. An ƙiyasta cewa mutum talatin da huɗu ne suka koyi sana'a a hannunsa, goma sha ɗaya daga cikinsu sun yi aure, huɗu sun rasu cikin lalurarsu.

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis bayan la'asar, cikin watan Satumba na 1974, sakamakon zazzaɓi na kwana shida, yana da shekara arba'in da takwas. An yi jana'izarsa a ƙofar gidan mahaifinsa, aka binne shi a maƙabartar Argungu kafin faɗuwar rana. Ya rasu ya bar matarsa Hajaratu da 'ya'ya biyar: Sahabi, Kulsumi, Adama, Ladan da Fadimatu. A wasiyyarsa ya nemi a bar wa Ɗanmusa ɗakin zaure muddin ransa, kuma 'ya'yan sun cika wannan har shekara goma sha biyu, lokacin da ya rasu suka binne shi kusa da mahaifinsu. Allah ya jiƙansu da rahama.