Dattijon da Ba Shi da Gira

A bakin kasuwar Sabon Gari, daura da inda Yagana ke kasa turaren wuta, wani dattijo na tsugune gaban risho mai famfo, irin na gidajen Kwarori, wato 'yan Labanan. Ba ta san shi ba. Farar rigar kuku ce a jikinsa, wankakkiya fes, amma fuskarsa ba gira ko ƙwara ɗaya, fatar goshin sai sheƙi take.

Wutar rishon ja ce, 'yar mitsitsiya, tana tari tana hayaƙi. Mai gyaran da ya kawo wa rishon ya tafi masallaci, shi kuwa da alama girkin maigida na jiransa.

Yagana ta miƙa masa mafici. "Baba, fifita mata mana."

"Kul, 'yar nan! Wannan ba murhu ba ne. Ja da baya!"

Ya sace iskar rishon, wutar ta mutu. Ya tuɓe rigarsa, ya ninke, ya ajiye can nesa. Yanzu da siririyar waya yake tsokalar hancin rishon, hannu a miƙe, fuska a kauce, leɓɓansa na motsi. Wayar sai kuskure ramin take.

Yagana ta tattare bakin mayafinta. Wanda ke tuɓe riga kafin ya ƙyasta ashana, ai ya taɓa ganin riga na ci da mutum a ciki. Ko shi ne, ko wani nasa, Allah masani.

Ya buga famfo, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, tana gurnani. Dattijon bai ko murmusa ba, sai ya kai yatsa yana shafa gurbin girarsa.