Liti Mai Gadin Cikin Mutane

Allah ya taimaki Beli da ya ba ta Liti, don ba don shi ba da tuni mutanen garin sun kashe kansu da cin abinci. Manomin gyaɗa ne, amma gonar da ya fi nomewa ita ce cikin jama'a. Bayan magariba, idan magidanta suka fito da akusansu ƙofar gida don ciyayya, shi ke zama a tsakiya yana raba wa kowa ajalinsa. Ka ci gyaɗa ka kora da ruwa, tari ne. Ka ci naman akuya, tsohon ciwon kakanka zai tashi ya gaishe ka. Yaro ya ci ƙwai, a fara nema masa dogari, ɓarawo ne. Babbar dokar kuwa ita ce kifi da nono: wanda ya haɗa su albaras zai feso masa, fatarsa ta yi fari fat, kuma ba a sa hannu a akushi ɗaya da mai albaras. Da wannan doka ya taɓa tayar da baƙo daga tabarma, lomarsa na hannu.

Shekarar da Nasara ya sa aka kwashi mutane aikin hanya wajen Karaye, aka haɗa da Liti da taubashinsa Sulle. Suka wuni suna jidar ƙasa a kwando, ko ruwan koko babu. Da yamma wani masunci a bakin Challawa ya ji tausayinsu ya miƙo bandar tarwaɗa, Liti ya cinye har kai. Bai gama suɗe yatsa ba sai ga Bafulatana da ƙwaryar nono. Yunwa dai ba ta je makaranta ba. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwaryar.

Sulle ya gyara zama. "Sannu, likitan Beli. A shimfiɗa maka tabarma daban, ko kuwa a shimfiɗe maganar?"

Nan Liti ya ga abu biyu a gabansa. Ko ya ce dokarsa shirme ce, ya ci gaba da cin tuwo da mutane, ko ya tsaya kan bakansa ya bar akushin. Da wani ne, da sai ya yi dariya ya wuce. Liti ba wani ba ne.

Ranar da suka koma gida ya ja buzunsa gindin dalbejiya, nesa da jama'a, ya zauna jiran albaras. Kullum da safe matarsa Hajo sai ta duba masa baya.

"Ya fito?"

"Malam, bayanka ya fi gindin tukunyata baƙi."

"Ke ba ki iya duba ba."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Magidanta suna ta kira: "Haba Liti, taso mana, yau miyar kuka ce da man shanu." Sai ya ɗaga hannu, wai yana tausayin 'ya'yansu. Daga can ɗin dai yake jefo hukunci, sai da ɗaga murya.

Sau ɗaya sa'a ta leƙo shi. Wani ɗan fari ya fito masa a wuya, ya zagaya gari da wuyan riga a buɗe kamar wanda aka yi wa naɗi. Ilu wanzami ya duba ya ce ƙyasbi ne, wanka kawai yake so. Liti bai sake ba shi kansa aski ba.

Haka ya tsufa, gemu ya yi fari, gira ta yi fari, fatar da ake jira ta ƙi. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira Sulle.

"Kai za ka wanke ni. Ka duba da kyau, kai ne shaida."

"Ko a lahira ma sai ka ba ni aiki, ɗan nema."

Sulle ya wanke shi, ya duba da kyau. Bayan an dawo daga maƙabarta magidanta suka kewaye shi.

"To, ya fito?"

Sulle ya dubi gindin dalbejiya, inda buzu ya cinye ƙasa ya bar gurbi. Ya ce, "Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani."

Da daren nan aka kawo musu tuwo da miyar kifi, ga kuma furar sadaka da nono. Kowa ya zaɓi ɗaya.