Ɗakin Bulon da Na Gina wa Inna

Shekarar da aka ƙara mini girma a wurin aiki a Kano, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ɗakin Inna a Kahu. Soro ne na ƙasa, marigayi Baba ya gina shi da tubali da azara tun kafin a haife ni. Ni kuwa kunyarsa nake ji. Duk abokin da na kai gida, a zaure nake tsare shi, kada ya leƙa ya ga inda uwata take kwana.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. In tana son abu, ƙanwata take aikowa. Da wannan na fake na ƙi tambayarta. Na jira ta tafi Fassi jinyar yayarta, na kawo leburori, cikin kwana biyu suka mayar da soron tarin ƙasa. Tsohon maginin unguwarmu ya zo wucewa, ya daɗe yana kallon azarar da aka zube a ƙofar gida. Ya ce, "Malam, irin wannan azarar fa ba za ka ƙara samu ba." Na yi dariya na ce ya kwashe in yana so. Bai ɗauka ba. Matan gida suka faskare ta, da ita aka dafa shinkafar walimar sabon ɗaki.

Ɗaki kam ya yi kyau: bulo, rufin kwano, fenti shuɗi, ƙofar ƙarfe. Ranar da Inna ta dawo, gari ya yi ta shigowa ana cewa Allah ya ba mu ɗa irin nata. Liman ya yi addu'a. Ita kuma ta shafa bangon ta ce, "Allah ya yi albarka." Na koma Kano ina ji da kaina.

Da bazara ta kama na zo wata Asabar daf da azahar. Ina ɗaga labule zafi ya buge ni a fuska kamar na leƙa tandar gidan burodi. Ruwan randarta ɗumi, man shanun da ke kwano ya narke ya zama ruwa. Ba ta ciki. Ƙanwata ta ce wai ta shiga maƙwabta. Da na matsa mata sai ta ce tun da zafi ya sauka Inna ba ta samun barci, ƙafafunta sun kumbura, har ma'aikacin asibiti ya ce jininta ya hau, a raba ta da zafi. Kuma ta hana a gaya mini.

Na tafi wajen maginin nan da na yi wa dariya, na ce ina son soro irin na da. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce kududdufin da suke haƙar ƙasa an cike shi, gidajen bulo ne a kai yanzu. Giginyar da ake tsaga azara ta ƙare a yankin. Ɗorawar da ake samun makubar shafe bango kuwa, masu gawayi sun gama da ita. 'Ya'yansa da ya koya wa sana'ar suna Rurum suna acaɓa. Duk da haka ya ce in an samo ƙasa zai lallaɓa ya yi ɗan ƙarami.

Inna ce ta ƙi. Ranar ta yi mini magana mafi tsawo a rayuwata, fuskarta na kallon bango. Ta ce, "Gari duk ya zo ya yi addu'a a ɗakin nan. In na fita na koma ɗakin ƙasa, za a ce ko an karye ne, ko ni ce ban gode ba. Ba zan sa a yi da mutum ba." Na roƙa, na sa ƙanwata ta roƙa, ta ƙi sauya ra'ayi.

Na sa silin, bai rage wani abin kirki ba. Na kawo fanka, wutar sai an ga dama ake kawowa. Na dasa darbejiya a ƙofar ɗakin, yanzu ta kai ƙuguna, ina kallonta ina lissafin shekarun Inna. Haushin kaina nake ji. Ba ni da ikon fitar da ita daga abin da na gina, ba ni da ikon mayar mata da abin da na rushe.

A watan jiya na zo ban sanar ba. Aka sake cewa tana maƙwabta. Wannan karon sai na zaga bayan gida, wajen ɗakin awaki, ginin ƙasa ɗaya tilo da ya rage mana. Can na same ta. Ta share gefe guda ta shimfiɗa tabarma, tana barci mai nauyi, carbi a hannu, wata akuya kwance kusa da ƙafarta tana tuƙa. Ɗakin sanyi ƙalau. Na tsaya ina kallon wata tsaga a bangon, har na fara tunanin buhun siminti nawa zai ci.

Ban san ta farka ba. Ta tashi zaune, ta ja mayafinta, ta bi inda idona yake. Sannan ta kawar da kai ta ce a hankali, "Don Allah, wannan kada a gyara shi."